Lofen da Ba a Fasa Ba

Idan mutum ya mutu, gona ta magada ce, riga ta magada ce, har takalmin da ya ƙare yana da mai ɗauka. To numfashin da ya yi shekaru yana zubawa cikin abu guda fa, gadon wane ne? An taɓa kai wannan tambaya gaban masu sani a Bungudu, kowa ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne masani. Abin da aka sani kawai shi ne abin da ya sami Sahabi na Karakkai, a shekarun da Nasara suka fara zama a Gusau, tun jirgin ƙasa bai iso ba.

Sahabi manomi ne, ya fara furfura bai taɓa sa hayaƙi a bakinsa ba. Da kawunsa ya rasu ya bar masa 'yar fadama ta taba, sai ya shiga nomanta yana kaiwa kasuwa. Nan matsala ta taso. Mai saye ya tambaye shi, tabar nan tana da ƙarfi ko sanyi gare ta, sai ya tsaya yana susar ƙeya.

"Kurma mai sayar da kalangu," in ji wani dillali, 'yan rumfa suka yi ta dariya.

Dariyar nan ce ta kai shi rumfar Baba Arzika a kasuwar Gusau. Arzika tsohon magini ne wanda ya bar ginin tukwane ya koma ginin lofen shan taba kaɗai. Ya jera su a kan faifai, jajaye, sababbi, kowane da bututunsa na kara.

"Lofenka na fari kaka nema?" in ji tsohon, tun Sahabi bai gama gaisuwa ba.

"Awo, Baba. Ya aka yi ka gane?"

"Ka ɗauki mai zane. Wanda bai sani ba da ido yake zaɓe. Aje shi, zane ba ya shan taba." Ya miƙa masa wani ƙarami. "Ƙwanƙwasa da akaifa. Ka ji ya yi ƙara kamar ƙoƙo sabo? Ya sha wuta ke nan. Wanda ya amsa maka a dushe, akwai tsaga cikinsa, ranar sanyi zai rabu a hannunka. Kada ka ɗauki mai babban ciki, jiri zai kayar da kai gaban matarka. Kada ka ɗauki mai nauyi, haƙoranka ba na saurayi ba ne. Sannan ka sa a baki ka ja iska, babu taba babu wuta. In ya yi fito, hanyarsa ta matse. In iska ta zo maka shiru kamar kana shan kunu, shi ne naka."

Sahabi ya gwada wannan, ya gwada wancan.

"Na ƙarshe kuma ya fi duka," in ji Arzika. "Sabo. Lofe ba a aronsa, ba a gadonsa. Sabon lofe kai ke koya masa numfashi. Tsoho shi ke koya maka."

Wata mata ta tsaya tana tayin lofe, tsohon ya juya wajenta. A lokacin Sahabi ya hango wani lofe a rataye jikin dirkar rumfa, can baya. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu, bututunsa na icce ne, kuma haƙoran wani sun yi masa gurbi. Ya sauke shi. Ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙarar da babu irinta a faifan. Ya auna a hannu, kamar bai riƙe komai ba. Sai ya yi abin da aka koya masa yanzun nan: ya sa a baki, ya ja.

Iskar da ta zo masa da ɗumi ta zo, kamar wani ya gama fitar da ita.

Da ya buɗe ido, Arzika yana kallonsa.

"Ka ja?"

"Gwadawa kawai na yi, Baba."

Tsohon ya ce, "Na Hamidu ne, wani makiyayi da ke zaune bayan Kuceri. Ni na gina masa shi yana saurayi. A wajenmu, duk wanda na gina wa lofe ina gaya masa, ranar da ya kwanta dama matarsa ta fasa shi kafin a ɗauki gawa. Tashi matar, Habiba, ta ƙi. Ta ɓoye shi har ya hana ta sakat, sannan ta aiko mini da shi. Ni kuwa ba ni da hurumin fasa shi, shi ya sa ka gan shi a rataye. Tunda ka ja, ɗauke shi daga rumfata. Dutsen farko da ka gani a hanya, ka buga shi a kai, ka dawo in ba ka sabo."

Tsakanin Gusau da Karakkai dutse ba ya ƙirguwa. Sahabi ya wuce su duka. Ya ce a ransa, abu mai kyau haka, don maganar tsoho? Yumɓu ne fa, ƙasa ce aka gasa.

Bai yi jiri ba, hayaƙi bai shaƙe shi ba. Ran da ya fara cika shi da taba ya ɗora garwashi, yatsunsa suka danna ta kamar sun saba tun fil azal. Kafin wata ya juya ya san tabar tudu da ta fadama da ja ɗaya, masu saye suka daina yi masa dariya.

Tari ne ya fara zuwa. Gajeren tari, mai ƙarewa da wani ɗan taɓa harshe irin na masu kiran shanu. Sannan tuwo ya fita ransa, ya riƙa tare masu tallar nono a bakin hanya. Wata rana maƙwabcinsa Garba ya same shi a gona da hantsi, tsaye a kan ƙafa ɗaya, ya gitta ƙotar fartanya a wuya ya rataya hannuwa, yana kallon daji.

"Jauro, ina aka baro garken?" in ji Garba. "Ko tabar ce kaka kiwo, kada ta shiga gonar wani?"

Sahabi ya yi dariya ya sauke ƙafa. Bai san lokacin da ya ɗaga ta ba.

Matarsa Kulu ba ta yi dariya ba. Ita ce ta fara lura da hayaƙin. Ko iska daga ina take busowa, hayaƙin murhu ya bi ta, na lofen nan kuwa sai ya karkata gefe guda, wajen Tsafe, siriri kamar zare ana jan sa.

"Malam," ta ce masa wata la'asar, tana tsaye da tsintsiya, "jiya ka shigo gidan nan ka tsaya kana neman ƙofar ɗakina. Ɗakin da ka gina da hannunka."

"Gajiya ce."

"Shekaranjiya ka yi mini magana da Fillanci. Mi ka sani cikin Fillanci ban da sannu?"

Ya juya lofen a hannunsa.

"Ba ni shi in sa a turmi."

"Ba za a fasa shi ba," in ji shi. Muryar ta fito a hankali, a sanyaye, ba yadda yake faɗa ba idan ransa ya ɓaci. Kulu ta ja da baya.

"To ka ji. Ni mutum ɗaya aka ɗaura mini aure da shi. Wanga da ke zaune a tabarmarka ban san shi ba, kuma ba ni kwana gida ɗaya da baƙo. Zan tafi Ruwan Bore wajen Iya. In mijina ya dawo ya san hanya."

Washegari ta ɗaure kayanta ta tafi. Ya tsaya a ƙofar gida yana kallon bayanta, yana jira ransa ya ɓaci. Ran bai ɓaci ba. Kamar yana kallon matar wani za ta ganin gida. Wannan ne ya tsorata shi, fiye da tarin, fiye da hayaƙin.

Ya ɗauki lofen ya kai bakin dutsen niƙa, ya ɗaga hannu. Hannun ya tsaya a sama, ya ƙi saukowa. Sai ya ce, to, bari ya mayar wa mai shi, ita ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko. Ya kama hanya.

Bai taɓa wuce Gusau ta wannan gefen ba, amma bai tambayi kowa hanya ba. Inda turba ta rabu, ƙafarsa ta zaɓa. Ya kwana a hanya, ya wuce duwatsun Tsafe, ya bar Kuceri a hagunsa ya ratsa wata saura. Rana ta karkata ya hango bukkoki 'yan kaɗan ƙarƙashin wata tsamiya. Shanun da ke kwance suka ɗaga kai gaba ɗaya. Wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho ta miƙe da ƙyar, ta zo ta sa hancinta a tafin hannunsa.

Wata mata tana daka a bakin bukka, ta ba shi baya. Ya buɗe baki zai yi sallama, sai tarin ya riga shi.

Taɓaryar ta tsaya. Matar ba ta juyo ba.

"Ka daɗe," in ji ta.

"Inna, sunana Sahabi, daga Karakkai. Ke ce Habiba?"

Sannan ta juyo. Ta dubi fuskarsa ta kau da kai da sauri, kamar fuskar ce baƙuwa a wurin, sauran duk na gida ne. Ta shiga bukka ta fito da wani tsohon buzu ta shimfiɗa a gindin tsamiya. Kafin ta nuna masa, ya riga ya zauna, ya jingina daidai inda ɓawon iccen ya goge.

Ya ciro lofen ya gaya mata komai, tun daga rumfar Arzika. Ya miƙa mata.

"Ki fasa shi, Inna. Ni hannuna ya ƙi."

Ta dunƙule hannuwanta a cikin zane. "Yana kwance a naɗe, mutane na jira, aka ce in fasa na ƙi. Yau da na ji tarinsa a ƙofata zan fasa? Ba ka san abin da kaka roƙo ba, ɗan nan. Ba mu da ɗa, ba mu da ɗiya. Shanun nan ma na ƙannensa ne. Abin da ya bar mini ke nan." Ta ɗauko garwashi a sakaina ta aje gabansa. "Sha. Ka yi tafiya."

Ya sha. Hayaƙin ya tashi, wannan karon bai karkata ko'ina ba, ya taru a ƙarƙashin tsamiyar ya tsaya. Habiba ta zauna nesa kaɗan, ta rufe ido. Ta ba shi labarin saniyar da ta haihu, da rijiyar da ta rufta, da wanda ya yi ƙaura. Shi kuwa yana amsawa, yana tambayar mutanen da bai taɓa jin sunansu ba. Ta kawo masa kindirmo a wata ƙwarya mai ɗinki, ya san ɗinkin, ya san ranar da ta fashe. Bai taɓa jin daɗin zama irin wannan ba. Ya ga babu abin da zai tayar da shi daga gindin iccen nan har abada, kuma bai ga laifin hakan ba.

Can ta buɗe ido ta dube shi, wannan karon a fuska.

"Baƙo, ka bar kowa a gida?"

"Akwai matata. Ta tafi gidansu, sai na koma."

"Mi ne sunanta?"

Ya buɗe baki. Ya ga mace tsaye da tsintsiya. Ya ga tabon ƙuna a wuyan hannunta, ya san wajen suyar gyaɗa ta same shi. Sunan kuwa babu. Ya lalube shi kamar mai neman allura a rairayi, ya ji wurin da yake ajiye a dā, wayam.

"Yanzun nan zai zo," in ji shi. "Yana bakina."

Habiba ta jira. Saniyar ta koma ta kwanta. Inuwar tsamiya ta kai bakin bukka, sunan bai zo ba.

"Tana kallon hanya?" in ji ta a hankali.

"Ta ce in mijinta ya dawo ya san hanya."

Matar ta dubi lofen da ke hannunsa. Wace ce ta fi cancanta a bar mata miji, wadda aka yi wa rashi, ko wadda ake shirin yi wa? Ba ta tambayi kowa ba, ba ta kuma yi kuka ba.

"Ƙara ja ɗaya," in ji ta.

Ya ja. Tarin ya zo, gajere, da ɗan taɓa harshen nan a ƙarshe. Ta saurari tarin har sautinsa ya mutu a cikin iska. Sannan ta miƙe, ta zare lofen daga yatsunsa. Yatsun suka riƙe, ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya kamar na jariri.

"Tashi ka kama hanya tun da sauran rana," in ji ta. "Ka riƙa kiran sunayen mata kana tafiya. Za ka tarar da nata kafin Gusau."

Ta juye geron da ke turmi a faifai, ta sa lofen a turmin da sauran wutarsa, ta ɗaga taɓarya da hannu biyu, ta sauke.