Muryar Ladan Badaru

Abin da na fi tsoro a aikina shi ne a tsare ni a gaban jama'a a ce in amsa da e ko a'a. A makarantar koyon aikin lafiya, inda na sami difloma, an horar da mu kada mu yi wa majinyaci alkawarin abin da ba mu da tabbaci a kansa. Da wannan koyarwa na dawo ƙaramin asibitin ƙauyenmu da ke kusa da Kunci, inda kowa ke kirana Likita, ko da yake na sha gaya musu ban kai wannan matsayi ba.

Ana tsakiyar damina Malam Badaru, ladanin babban masallacinmu, ya zo wurina. Mura ce ta fara kama shi, ta sauka maƙogwaro, shi kuwa ya ci gaba da kiran sallah har muryarsa ta dishe. Na danne harshensa, na haska tocila, na ga wurin ya yi ja.

"Baba, maganin wannan hutu ne," na ce masa. "Ka riƙa kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi da gishiri, ka yi sirace safe da yamma, ka yawaita shan ruwa, ka nisanci hayaƙi. Magana kuwa ka daina ta ɗungurungum. Ko raɗa kada ka yi, domin tana wahalar da maƙogwaro."

Ya gyaɗa kai. Ban taɓa samun majinyaci mai biyayya irinsa ba. Daga wannan rana, da hannu yake amsa gaisuwa.

Ladanci a garinmu ba shi da albashi, gona gare shi. Akwai wani fili a bayan masallaci wanda al'ada ta bai wa duk mai kiran sallah ya noma. A ƙasar da gonaki suka matsu da juna, kuma rabon gado ya mayar da gonar mahaifin Malam Badaru 'yan kunyoyi, wannan fili ne ke ciyar da iyalinsa. A lokacin geronsa ya fara fitar da kai.

Shugaban kwamitin masallaci, Alhaji Mati, ya sa ɗan ƙanensa Najib ya riƙe kiran sallah kafin ladan ya warke. Najib matashi ne mai zaƙin murya, kuma ba shi da gona. Ba a jima ba Alhaji ya ƙirƙiro wani wasa da yake tsokanar tsohon da shi a majalisar ƙofar masallaci.

"Malam, an ce ka bar wa Najib makirufo har abada. In haka ne, ka yi shiru."

Sai a kwashe da dariya. Malam Badaru ya dube ni, ni kuwa in ɗora yatsa a leɓena, domin abin da aikina ya ce ke nan.

Murar ta tafi, jan ya ragu, amma muryar ba ta dawo ba. Dishewar da ta daɗe haka a wuyan dattijo ba abin da za a zauna da shi ba ne. Na same shi a zaurensa na ce lallai ya je babban asibiti a Kano a leƙa masa maƙogwaro da na'ura. Ya nuna mini wajen gonar, ya kwatanta yankan gero da hannunsa. Yana nufin sai bayan girbi.

Wata Alhamis bayan la'asar aka hana kowa fita daga masallaci. Alhaji Mati ya kira ni gaban sahu.

"Kamaruddeen, kai ne mai takarda a cikinmu. Muryar Malam za ta dawo, ko ba za ta dawo ba?"

"Ranka ya daɗe, lafiyar mutum sirrinsa ce. Ba a..."

"Wane sirri, ɗana? Muryar da gari duka ke ji? Ai ba cikinsa muka tambaye ka ba. E ko a'a?"

Malam Badaru yana zaune kusa da ƙafata, ya kafa mini ido. Na san kalmar da yake roƙo.

"Mai yiwuwa ne ta dawo," na ce. "Amma ba zan iya bayar da tabbaci ba sai an duba shi a Kano."

"Kun ji ko? Har Kano ta kai," in ji Alhaji Mati.

Sai tsohon ya miƙe. Na riƙe gefen rigarsa, ya fizge. Ya je ya kunna lasifika, ya ɗora hannu a kunnensa kamar yadda ya saba tun ban san kaina ba, ya buɗe baki. Abin da ya fito wani ƙaraji ne mai kama da jan buhu a kan siminti, sannan tari ya sarƙe shi. Lasifika ta kai tarin har gonaki. Daga bayan katanga muka ji yara suna kwaikwayonsa, wani a sahun baya ya toshe bakinsa da hula.

"Ba a ba shi ruwan gishirin ba ne yau?" in ji Alhaji Mati.

Na kama kafaɗar Malam Badaru na zaunar da shi. Ya ture hannuna ba tare da ya dube ni ba.

Alhaji Mati ya ɗauki makirufon, ya goge shi da hannun riga, ya hura ya ji yana aiki.

"Jama'a, muna godiya ga Likita da ya gaya mana gaskiya. Kwamiti ya yanke shawara. Daga magaribar yau Najib ne ladanin wannan masallaci. Gonar ladanci ta koma hannunsa, da abin da ke cikinta."