Zaren Allon Malama Tayyiba

Jami'ar nan mai zaman kanta da ke kan hanyar Tafa ta faro ne daga ɗakuna biyu a bayan gidan wani tsohon hedimasta, Malam Datti, inda malaman firamare kan taru da yamma su yi karatun ƙarin takarda. Daga nan ta zama kwalejin horon malamai. Yau akwai bene, akwai sashen kasuwanci da na kwamfuta, amma sashen ilimi ne har yanzu ya fi cika, musamman shirin hutu da tsofaffin malamai ke shiga. Kuma doka ɗaya ta Malam Datti ba a taɓa ta ba: a gwajin koyarwa, duk wanda ya faɗi a rubutun allo ya faɗi gaba ɗaya.

Mardiyya Ghali ce mafi ƙarancin shekaru a malaman sashen, kuma an santa da taurin kai. A gaban shugaban sashe ta taɓa cewa ko mahaifinta ne ya zo gwaji ba za ta ƙara masa maki ɗaya ba. Da aka raba sunayen waɗanda za a je dubawa a makarantunsu, sai ta ga sunan Tayyiba Ladan, a wata firamare a gefen Izom. Malamarta ce ta aji uku a nan Suleja, wadda ta riƙe mata hannu har rubutunta ya miƙe. Shekara ashirin da tara Malama Tayyiba na koyarwa, yanzu kuma an ce duk wanda bai kawo sabuwar takarda ba kafin ƙarshen shekara za a cire shi daga aji. Ta ci dukkan jarrabawar rubutu. Wannan gwajin kaɗai ya rage.

Hedimastan makarantar, Malam Bamalli, ya tari Mardiyya tun daga bakin hanya da fara'a. Ya ce tunda baƙuwa ce daga jami'a, ba za su kai ta ajin Malama da rufinsa ke yoyo ba. Da safen nan ya sa an share ɗakin 'yan aji shida, an shafe allonsa da gawayi ya yi baƙi wul, an kwaso yaran Malama an zuba a ciki. Haka suke yi wa kowane babban baƙo.

Malama ta shigo a hankali. Ta ji muryar Mardiyya ta gane ta, ta yi murmushi ta ce ashe 'yarta ce za ta yi mata alƙalanci. Sannan ta je gaban allo ta bi gefensa da hannun hagu, daga sama har ƙasa. Ta sake bi. Ta ɗan tsaya, sannan ta ɗauki alli.

Muryar ba ta canza ba. Darasin kan tsiro ne, kuma cikin minti biyar yara arba'in sun manta da akwai baƙuwa. Sai ta juya ta fara rubutu. Layi na farko ya karkata. Na biyu ya hau kan na farko, na uku ya ratsa su duka, har allon ya koma kamar an watsa masa gari. Ta juyo ta ce su karanta tare. Babu wanda ya buɗe baki. Ta sake cewa su karanta. Yaran suka sunkuyar da kai.

Malama ta ajiye allin, ta ƙarasa darasin da baki.

Bayan an tashi hutun tara, Malama ta ja Mardiyya zuwa ajinta na kullum. A gefen tsohon allon akwai ƙananan ƙusoshi, shida a dama shida a hagu, an ɗaura baƙin zaren kitso daga wannan zuwa wancan. Sai an matso ake ganinsa. Ta ce hawan jinin ido ne ya kama ta, shekara uku ke nan. Abin da take gani bai fi faɗin tafin hannu ba. Takarda tana iya lallaɓawa da rula, amma allo ya fi ƙarfinta, shi ya sa ta buga ƙusoshin da kanta da dutse, tana bin zaren da ƙaramin yatsa tana rubutu. Hedimasta ya ɗauka ƙusoshin na rataye hotuna ne.

Mardiyya ta miƙe. Ta ce za ta yaga fom ɗin gwajin, ta dawo ranar Alhamis a sake gwajin a wannan ɗaki, duk wanda ke da magana a sashe ya same ta. Ba laifin Malama ba ne an sauya mata aji.

"Zauna," in ji Malama.

Ta zauna.

Malama ta nuna tarin littattafan yara a kan tebur. Ta ce zare yana riƙe mata layi, amma ba ya ganin abin da yaro ya rubuta. Tun bara take sa hannu a littattafan da ba ta karanta rabinsu ba, tana ce wa kanta gobe zai yi sauƙi. Yau ta ce wa yara arba'in su karanta sun kasa, kuma saboda ita suka yi shiru.

"Rubuta abin da kika gani, Mardiyya."

"Ban ga komai ba, Malama."

"Kin gani. Ban koya miki ƙarya ba, kada ki fara ta a kaina."

Mardiyya ta buɗe fom. Sanin darasi, maki cikakke. Riƙe aji, cikakke. Da ta zo kan allo ta daɗe tana kallon gurbin, sannan ta rubuta sifili, ta ja layi a ƙarƙashinsa. Hawaye ya ɗiga a takardar, ta goge da gefen mayafi don kada tawada ta baje. Ta kama yatsan Malama ta ɗora a inda za ta sa hannu.

Motar Suleja ta ƙarfe biyu ta wuce, Mardiyya ba ta bi ta ba. Malama ta roƙe ta abu ɗaya, su duba littattafan nan tare, don wanda zai karɓi ajin ya san inda kowa ya tsaya. Mardiyya na kiran suna tana karanta aikin, Malama na faɗin halin yaron: Rut tana da kai amma tana tsoron ɗaga hannu, Opeyemi sai an zaunar da shi gaba, Munir ba ya karyawa kafin ya zo. A littafi na goma sha bakwai suka sami yarinyar da ta yi wata huɗu tana kwafar kwanan wata kawai, kuma kowane shafi da sa hannun Malama. Malama ta dafa littafin da hannu biyu.

"Ware wannan gefe," ta ce. "Ci gaba."