Fuskar da Bastiano Ya Ƙi Farfasawa

Bastiano ya ƙi sa guduma a bango ranar da aka ce ya sa, abin da ya kashe masa sana'a a birnin Firenze ke nan.

Mai zanen bango ne, hannunsa kuma yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Kan ne babu komai ciki sai son yabo. Messer Gherardo, attajirin ulu, shi ya ɗauke shi ya ƙawata masa ɗakin ibadar danginsu a coci. Gherardo bai san zane ba, ibadar ma sama-sama. Maƙwabcinsa ya yi, dole shi ma ya yi wanda ya fi. Ya ce a sa fuskarsa cikin masu durƙuso gaban Maryamu, a sa ta amininsa Messer Uberto kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa.

Aikin bango ɗanyen shafe ake bi. A shafa farar ƙasa daidai abin da za a gama a wuni, a zana kafin ta bushe, launi ya shige ciki ya zama bango. Wanda aka ƙara bayan ta bushe kuwa da ƙwai ake kwaɓa shi, a sama yake zaune, jiƙaƙƙen tsumma ya ishe shi.

Fuskar Uberto ta fito yadda Bastiano bai taɓa yin irinta ba. Wanda ya fi kowa zuzuta ta shi ne Ser Lattanzio, masanin littattafan Latin da ke cin abinci a teburin Gherardo. Bai taɓa riƙe burushi ba, amma kullum yana gindin tsani yana ba da umarni, bakinsa naso-naso da man zaitun ɗin wani.

Yakan ce wa Bastiano, "Mastro, gwanin gwanaye, ka kamo ƙafar Girkawa! Zan sa sunanka a littafina."

Littafin da ba wanda ya taɓa ganin ko bangonsa. Bastiano dai ya kumbura kamar burodi a tanda.

Ana cikin haka mulkin gari ya juya. Majalisa ta kori Uberto, ta kira shi maci amana. Gherardo ya shigo coci yana haki, tumbi na gaba.

"Cire min mutumin nan! Ban san shi ba."

Bastiano ya ce, "Maigida, jiya fa kuka ci gasasshiyar kaza tare."

"Na ce ka farfasa wurin, ka yi sabon shafe. Ka sa makiyayi, ka sa jaki, ka sa uwarka in ka ga dama."

Yana fita Lattanzio ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Kai ma ka biye wa ɗan tireda? Irin wannan fuska ba a fasa ta. Mulki juyawa yake. Rufe ta kawai. Ran da Uberto ya dawo ka goge, gari ya san wane ne kai."

Bastiano ya san wannan ba aiki ba ne. Amma ya ɗaga guduma ya dubi idanun nan da ya zana, sai ya ajiye ta. Ya fasa ƙwai, ya kwaɓa launi, ya liƙa wa Uberto gemu da hular makiyayi a kan busasshen bango.

Ya manta da Nofri, abokin gabarsa, wanda aka hana aikin nan aka ba Bastiano. Nofri in ya zana doki sai an tambaya ko kare ne, amma idonsa na ganin laifin wani daga nesa. Ya leƙo, ya ga gemun yana ƙyalli alhali sauran bangon ba ya yi, ya tafi yana murmushi.

Ranar buɗe ɗakin manyan majalisa suka zo da jajayen rigunansu. Lattanzio ya yi dogon jawabi da Latin, kowa na gyaɗa kai, ba mai jin ko kalma. Nofri ya tsoma tsumma a kwanon ruwan tsarki, ya ratsa mutane.

"Abokina, makiyayin nan naka ya yi datti. Bari in wanke masa fuska."

"Nofri, kada ka taɓa min aiki!"

Shafa biyu, gemu ya biyo tsumma. Ga Uberto nan, kafaɗarsa manne da ta Gherardo, kamar zai yi magana.

Wani dattijon majalisa ya ce, "Messer Gherardo, ashe ajiye shi ka yi sai ya dawo?"

"Ranka ya daɗe, na rantse na ce a fasa! Wannan ɗan iskan ne!"

Bastiano ya juya wajen Lattanzio. "Malam, faɗa musu. Ai kai ka ce in rufe."

"Ni? Ni mutumin littafi ne, Mastro. Ina ruwana da ƙwai da farar ƙasa?"

Da yamma Lattanzio na teburin Gherardo yana tsotsar ƙashi. Gherardo ya yi wa majalisa kyautar da ta wanke shi. Bastiano aka ba wa'adi ya bar gari.

A Firenze wanda aka kora da sunan cin amana akan zana shi a bangon kurkuku, rataye da ƙafa ɗaya, kai ƙasa. Masu zanen kirki gudun aikin suke yi. Nofri da kansa ya je ya roƙa. Safiyar da Bastiano ya fita da burusansa a buhu, hanya ta bi da shi ta gindin bangon. Ya ɗaga kai ya ga kansa kusa da Uberto: kunnuwa kamar na jaki, ido ɗaya ya fi ɗaya, hannun ma yatsa shida. Ya matsa ya duba da kyau ko zai ga ƙyalli. Babu. A ɗanyen shafe Nofri ya yi shi.