Ragon da Ya Yi Kuka Bayan Sallah

"Kin danna kuwa, Iyatu? Ko sai na gama zuba ki ce bai ɗauka ba, kamar ɗazu?"

"Na danna. Ga jar wuta nan, in idonka na gani."

Muntaka ya jingina da katanga, ya yi gyaran murya. Sai ga murya ta fito garau, kamar ba shi ne ciwo ya tsotse ba. "Karimatu, Babanki ne. Lafiya ƙalau muke. Garwa dai zafi, kin san halinta."

Muntaka mahauci ne a babbar kasuwa, kuma taubashina. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, shekara hamsin muna tsokanar juna. Da matarsa ta rasu, ni na goya Karimatu. A lokacin babu wayar hannu, mu da ba mu yi boko ba kaset ne wasiƙarmu. Duk sati biyu mukan ba Uba, mai raka shanu a jirgin ƙasa daga Gaundare, ya kai mata Yawunde, inda take karatun jami'a.

Sai dai ran nan kaset huɗu ya sa na sayo, ba ɗaya ba. Likita ya ce hanta ce, ya sallame shi gida. Mahauci kuwa ba a yi masa bayanin hanta.

Saura sati shida Karimatu ta zauna jarrabawar shiga digiri na biyu a lissafi. Sau ɗaya ake yi a shekara, mutum shida ake ɗauka. Ita kaɗai ce mace a ajinsu, ita kaɗai ce kuma daga arewa. Wata malama, Madam Pauline, ita ta tsaya mata har takardunta suka shiga, tana kuma tara su a gidanta duk Asabar, su 'yan tsirarun matan sashen. Muntaka bai san abin da 'yarsa ke karantawa ba, amma duk wanda ya tsaya gaban teburinsa sai ya ji labari. "Ni da wuƙa nake raba abu," yake cewa, "ita da alli."

"In ta ji, za ta taho," ya ce mini. "In ta taho, shi ke nan. Ki aika mata ɗaya-ɗaya. Na huɗun sai ta gama."

"Ka mai da ni maƙaryaciya da tsufana?"

"Da ƙuruciyarki ma ai kin iya."

Muka gama na farko, muka sa na biyu. A ciki ya yi mata barka da Sallah, alhali saura kwana biyar a yi layya. Ya ce an yanka rago, ya yi kitse, ga soye nan Gwaggonki ta aiko, wato ni ke nan. Yana cikin magana ragon ya ɓarke da kuka daga turkensa. Ragon nan Karimatu ce ta rene shi da hutu, kuma muryarsa a dishe take, kamar tsohuwar ƙofa. Ni abin da ya dame ni kawai surutun ne. Na miƙe zan ja shi zaure, Muntaka ya ɗaga mini hannu.

"Bar shi," ya ce a hankali.

"Yana cika mana kunne."

"Bar shi, na ce. Ke ma ai haƙuri ake yi da taki muryar."

Da zai yi na huɗu, sai ya kore ni. Na koma gida ina mita, na bar shi da rikoda.

Ran Sallah bai iya riƙe wuƙa ba. Mutumin da ya yanka shanun da ba su ƙirguwa, yana zaune Uba ya yanka masa ragonsa. Bai bar gyara ba dai. "Hannunka na rawa, Uba. Fata ce, ba zanen amarya ba." Na soya naman, na cika gwangwani, na rufe.

Kwana shida bayan haka, da hantsi, na kai masa kunu. Ya kurɓa sau biyu ya ture. Ya tambaye ni yau wace rana, na faɗa masa. Ya lanƙwasa yatsu yana ƙirga abin da ya rage mata.

"Da saura," ya ce. "Iyatu, amana."

"Na ji. Sha kununka."

Kafin azahar rai ya yi halinsa. Kafin la'asar mahauta sun rufe tebura sun kai shi makwancinsa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na rasa wanda zan zaga ya rama.

Ranar da Uba ya zo karɓar saƙo, na miƙa masa kaset na biyu da gwangwanin soye. Ya karɓa yana kallon ƙasa. "Gwaggo, in ta tambaye ni fa?"

"Ka ce shanu na jiranka."

Haka na aika da muryar mamaci yana cewa lafiyarsa ƙalau. Bayan sati biyu na aika na uku. Matan unguwa suka sa ni a baki. Wasu suka ce na hana yarinya zaman makokin ubanta, kuma ban ce sun yi ƙarya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun Karimatu. Da can kowane zuwa sai ta ba Uba amsa, amma yanzu sau biyu yana dawowa hannu rabbana.

Sai bayan jarrabawa da kwana goma ya kawo kaset. Na ɗauki rikoda na shiga gidan Muntaka, don a can na saba jin muryarta. Na zauna inda yake zama, na danna.

"Gwaggo, ina wuni."

Na matso kusa da rikoda. Kullum da "Baba" take farawa.

"Gwaggo, na sani. Tun kaset na biyu na sani. Ina cin soyen, Baba yana cewa an yanka rago, ga ragon kuma yana kuka a bayansa. Na mai da baya na sake ji, har sau uku. In rago na da rai, to kafin Sallah aka ɗauki maganar. Me zai sa Baba ya yi mini barka da Sallar da ba ta zo ba, in ba ya san ba zai iya yi daga baya ba?"

Ina jin motoci na wucewa a can bayanta.

"Na haɗa kayana, na biya gidan Madam Pauline in yi mata sallama. Ba ta hana ni ba. Ta ce in tafiya zan yi, ita za ta kai ni tasha. Amma ta ce in fara kunna mata kaset ɗin, in fassara mata. Da na zo inda Baba ke cewa, ‘Ki zauna ki gama abin da ya kai ki,’ sai na kasa fassarawa. Ta ɗauki jakata ta kai ɗakin 'yarta. A gidanta na zauna har ranar jarrabawa. Ita ke dafa mini abinci, ita ke tashe ni karatu. Ban aiko da amsa ba don ban san da wa zan yi magana ba."

Ta ja numfashi.

"An kafe sunaye jiya. Ni ce ta uku. Gwaggo, kada ki sa komai a ranki, amana kika riƙe. Ina tafe ran Juma'a. In akwai wani kaset, ki ajiye mini, a gida zan ji."

Rikoda ya yi ta shuu har ya kashe kansa.

Na daɗe a zaune. Sai na tuna hannun nan da ya ɗaga mini. Mutumin da ya yi shekara arba'in cikin dabbobi, wanda ke gane ragon kowa a unguwa daga kuka, shi ne zai manta rago na bayansa? Bai iya ce mata taho ba, bai kuma iya yi mata ƙarya har ƙarshe ba. Ya san 'yar da ya haifa. Ashe a cikinmu uku ni kaɗai aka bari a duhu.

"Ka ci wannan wasan, ɗan banza," na ce. Ba wanda ya rama.

Na share tsakar gidan, na shimfiɗa tabarmarsa a gindin katanga, na ɗora kaset na huɗu a kan rikoda. Turken na nan inda yake, da guntuwar igiya a jikinsa. Na sa hannu zan tuge shi, sai na bar shi.