Jimlar da Ta Tayar da Kaka Daga Tebur

Ƙanwata ta yi wata biyu a ƙasar da makarantarsu ta tura ta karatun shekara guda, amma bakinta bai buɗe da yaren ƙasar ba. In malama ta yi tambaya a aji, amsar tana kanta, sai dai kafin ta jera kalmomin an wuce wurin. A gidan da aka sauke ta kuwa, "na gode" da "na ƙoshi" su ne jarinta.

'Yar gidan ajinsu ɗaya, ita ce kuma ƙawarta. Ƙanwata ta raɗa mata Rediyo, don daga ƙofar gida har tashar bas ba ta tsayawa haɗiye yawu.

Ɗakin da aka ba ƙanwata na marigayi kakan Rediyo ne. A durowar teburinsa ta tsinci wani tsohon littafin rubutu, cike da jimlolin da aka rubuta da fensir, kowace da ɗan zane a gefe. Wadda aka zana wa kwano ta yi kama da yabon girki. Kwana uku tana haddace ta a gaban madubi.

Ran Asabar ana cin abincin rana, ta dubi kakar Rediyo wadda ta yi girkin, ta saki jimlar tiryan-tiryan.

Cokula suka tsaya. Kaka ta zuba mata ido, ta ture kujera, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Ƙanwata ta haye sama ta kira ni a waya tana kuka. "Yaya, na zagi tsohuwar mutane. Wallahi kora ta za su yi."

Na ce, "Me kika ce mata?"

"To ai ni ma ban sani ba!"

Muna cikin haka Rediyo ta faɗo ɗakin, ta ga littafin a kan gado, ta zauna daɓas. Da baki da hannu ta fahimtar da ita: kakan nan shi ma baƙo ne, da ƙuruciyarsa ya zo aikin gyaran agogo, bai san ko gaisuwa ba. Littafin nasa ne na koyo. Ya so ya rubuta "na cinye abincin nan don daɗi", sai ya rubuta "abincin nan ya cinye ni". Haka ya faɗa wa Kaka ranar da ya fara cin girkinta, haka kuma ya ci gaba da faɗa shekara arba'in, da gangan. Tun rasuwarsa ba wanda ya sake furta ta a gidan.

Ƙanwata ta ce, "Ba fushi ta yi ba kenan?"

"Fushin me? Tana can tana kuka tana dariya. Ta ce a kawo ki."

Ƙanwata ta sauke ajiyar zuciya, har ni na ji ta waya.

Ta tarar da Kaka a bakin gado, ta ɗora tabarau. Tsohuwar ta nuna mata gefenta, ta karɓi littafin ta buɗe shafin farko.

"Zauna, jikata. Rabin abin da ke nan kuskure ne. Karanto, in gaya miki wanda za ki kai makaranta da wanda za ki bar mana a gida."

Sai da yamma ta yi suka kai shafi na tara. Ran Litinin ƙanwata ta ɗaga hannu a aji. Ta yi kuskure biyu, malama ta gyara ɗaya, Rediyo ta kwashe da dariya a kan ɗayan.