Lasifikar Ubale a Bakin Burtali

Tun ranar da Ubale ya ɗaure lasifika a jikin gawon da ke bakin gonarsa ta alkama, shanun Inna Saudatu suka daina gangarawa mashaya.

Kaset ɗin da yake sakawa na wani Bature ne, injiniya a dam ɗin Tiga, wanda Ubale ya yi wa direba. Tsohon kiɗan Ingila ne, Baturen da kansa ya ce ko a garinsu ba kowa ya san shi ba. Jita na ƙugi kamar ana yanka kwanon rufi da zarto, ganguna na rugugi, wani ƙato na kururuwa kamar an ɗora masa wuƙa. Da Ubale ya lura tsuntsayen jan-baki ba sa sauka inda abin ke tashi, sai ya haɗa rikoda da batirin mota, ya huta da korar tsuntsu.

To, burtali ta gindin gawon nan ya bi. Shanu na kawowa sai su ƙame, su miƙe kunnuwa, su juya da gudu. Rijiyar ruga ta ƙafe, guga sai taɓo. Nono ya ɗauke. Wata karsana ta yi ɓari.

Inna ta je wajen mai unguwa Ladan. Ya ce, “Inna, shuka aka ci ko iyaka aka ture? Kiɗa ai ba ɓarna ba ne.”

Ta wuce gonar da sandarta.

“Kai Ubale! Kashe shaiɗanun nan, dabbobina su sha ruwa.”

“Haba Inna, sai na yanke alkama. Ki toshe musu kunne da auduga mana.” Ya yi dariya har da buga cinya.

“Ɗan nan, ka taɓa ganin saniya ta yi kuka don ƙishi? Shiru take yi. Shirun nan ka ji wa tsoro.”

Ya ƙara murɗa rikodar.

Washegari da rana tsaka ta kwance garken duka, ta shige gaba kamar kullum, suna biye, idanu jajur, ba mai ko nishi. Ba ta nufi gawon ba. Ta zagaya can ƙarshen gonar, inda kururuwar ba ta kaiwa sosai, inda iska ke kawo ƙamshin ruwa ta saman alkamar da ta nuna.

Babban bijimin ya ɗaga hanci. Daga nesa Ubale ya miƙe tsaye, yana ɗaga hannuwa, yana faɗin wani abu da kiɗansa ya hana a ji.

Inna Saudatu ta sauke sandarta, ta matsa gefe.