Kayan da Irini Ta Zaɓa

Asabar bakwai a jere Manoli yana zuwa gidan Irini da hantsi, riƙe da robobi biyu na miyar taliya da kwakwa daga kasuwar Parap. Tun daga bakin ƙofa yake ɗaga murya.

"Rini! Injiniyar dangi! Sauko kafin ta huce."

Sai ta sauko ƙarƙashin gidan, wanda aka ɗaga ginin sa sama da ƙasa, inda ta kafa tebur a tsakanin ginshiƙai, domin nan kaɗai iska ke ratsawa idan zafin birnin Darwin ya fara tsanani. Manoli ɗan baffanta ne. Ta girme shi da shekara uku, kuma a tsakar gida ɗaya suka tashi a gaban kakarsu. Ita shekararta goma sha shida tana zana taswira a ofishin safiyo. Shi kuwa ya taɓa sana'a ta kai shida kafin ya tsaya a kan tuƙa ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. Daga Humpty Doo zuwa Berry Springs babu manomin mangwaron da bai san dariyarsa ba.

Shawarar ta Irini ce. Shi zai riƙa tashin jirgi a kan gonaki yana ɗaukar hotuna dubbai, ita kuma ta ɗinke su su zama taswira guda, wadda manomi zai duba ya ga itacen da ke jin ƙishi da wanda cuta ta kama tun kafin ganye ya nuna. Sun gwada a gona ɗaya da 'yar kwamfutarta ta hannu. Kwana biyu tana nishi tana hura iska mai zafi, daga ƙarshe ta ɗauke. Nan suka san sai sun haɗa tasu, babba ta tebur, kaya ɗaya bayan ɗaya.

Manoli ya so a gama zaɓen a zama ɗaya. Ya nuna hoton ƙwaƙwalwar kwamfuta mafi tsada a shafin, ya ce, "Wannan. Sarkinsu. Mu ɗauka mu wuce."

"Ta masu wasan harbe-harbe ce," in ji Irini. "Gudu gare ta, amma hannuwanta kaɗan ne. Mu aikinmu kamar tsinkar mangwaro yake, ma'aikata da yawa muke so a lokaci guda, ba gwani ɗaya ba."

"To, maimaita a hankali. Kin san kaina na kifi ne."

Ya zaro wani ɗan littafi mai jan bango ya rubuta. Irini ta yi dariya. Tunda take ba ta taɓa ganin Manoli da biro ba sai ranar ɗaurin aurensa.

Haka suka bi kayan. Asabar guda sukutum ta tafi a kan babban allon da komai ke maƙalewa a jikinsa, saboda tana son mai gurbi huɗu na memori, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi, don a ƙara nan gaba ba sai an zubar da na farko ba. Katin hoto kuwa, wanda ke sarrafa hotuna a cikin kwamfutar, sai da ta ɗauko rula ta auna tsawonsa a kan takarda, ta nuna masa cewa akwatin da yake so, mai gilashi da fitilu masu canza launi, ba zai ɗauke shi ba sai an fasa gaba.

"Amma yana da kyau, Rini."

"Ka saya wa matarka Sofia ta zuba kifin ado."

Sun yi musu a kan na'urar sanyaya kwamfutar. Shi yana son ta ruwa mai bututu, don ya gani a bidiyo. Ita ta ce fanka biyu manya a kan tulin ƙarfe sun fi mata, domin ranar da famfon ruwa ya tsaya a tsakiyar kakar mangwaro, sai an jira mako biyu wani ya iso daga kudu. Ta zaɓi akwati mai raga a kowace kafa, saboda tsaka, 'yar ƙadangaruwar bangon nan, ba ta da wurin kwanan da ya fi mata akwatin wutar kwamfuta, kuma ta taɓa ganin abin da tsaka ɗaya ta yi wa wata a ofis. Ta ƙara batirin ko-ta-kwana saboda tsawar damina mai ɗauke wuta. Duk abin da ta faɗa, Manoli ya tambayi dalili, ya rubuta. A Asabar ta shida ya ce ta nuna masa yadda ake ɗinke hotunan tun daga farko har ƙarshe, wai don ranar da ba ta da lafiya. Ta nuna masa, har sau biyu. Daɗi ya cika ta. A ranta ta ce yaron nan ya girma.

A ta bakwai ne ta ce masa, "Na miƙa takardar ajiye aiki. Ƙarshen wata na gama."

Cokalinsa ya tsaya a hanya. "Har kin miƙa?"

"Ba haka muka yi ba?"

"Haka ne. Haka ne mana." Ya mayar da cokalin cikin roba, ya ce barkonon yau ya yi yawa. Bai daɗe ba ya tafi, wai Sofia na jiransa da yara.

Ranar Alhamis da tsakar rana Irini ta kai jerin kayan shagon Mista Lay a Winnellie. Dattijo ne gajere mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a ka, kuma a wurinsa ta sayi kwamfutarta ta farko tana ɗaliba. Ya karɓi takardar yana bi da yatsa. Bai kai rabi ba ya fara murmushi.

"Wata kuma? Kasuwa ta buɗe ke nan."

"Wata kamar yaya?"

"Irin ta Manoli. Komai da komai, har ragar tsaka. Na ce masa wanda ya zaɓi kayan nan ya san abin da yake yi, ya ce ai shi ne. Na yi dariya har na ƙware." Ya juya ga allonsa yana dannawa. "Ita ma da sunan kamfanin zan rubuta? Doolan da Manoli?"

Irini ta san Craig Doolan, kamar yadda kowa ya san shi. Mai jirage masu saukar ungulu ne da ake haya don koro shanu a manyan makiyayu.

"Yaushe ya karɓa?" ta tambaya.

Mista Lay ya sauko da tabarau na biyu ya dube ta. Murmushin ya bar fuskarsa. "Mako biyu ke nan ranar Talata. Ni na haɗa masa." Ya ture takardar gefe. "Yarinyata, na zaci kin sani."

Ta lissafa a ranta. Mako biyu. Ke nan ranar da ya zauna yana cewa ta sake nuna masa ɗinkin hotuna, kwamfutar tana can a ajiye tana jiransa.

Ba ta koma ofis ba. Ta hau babbar hanya zuwa Berrimah, inda Doolan ke da rumfar jiragensa. A gefen rumfar akwai ɗan ofis mai sabon fenti, ƙofarsa a buɗe. Ga kwamfutar nan a kan tebur, baƙa, mai raga, fankokinta na juyawa ba ƙara ko kaɗan, daidai yadda ta ce za su yi. Manoli na zaune a gabanta, jan littafin a buɗe kusa da hannunsa, taswirar wata gona tana fitowa a allo layi bayan layi.

Da ya gan ta ya miƙe har kujerar ta faɗi.

"Rini. Wallahi yau ɗin nan nake cewa zan zo."

"Tana aiki da kyau?"

"Ki zauna mu yi magana."

"Na tambaye ka, tana aiki da kyau?"

Ya shafa ƙeya. "Minti arba'in take gama gona."

"Na ce maka hamsin. Ka ga na yi kuskure."

Sai ya fara zuba. Doolan ne ya neme shi, ba shi ya nema ba. Doolan yana da kwangilar ƙungiyar manoma a hannu, gonaki sittin da wani abu, yana da mota da inshora da lasisi. Ya yi masa maganarta, har sau uku, mutumin ya ce shi ba ya tarayyar mutum uku. Me zai yi? 'Ya'yansa uku. Shekararsa arba'in saura biyu bai taɓa riƙe abu ɗaya da ya tsaya ba.

"Da ka gaya mini," in ji ta.

"Da kin hana ni."

"Da me zan hana ka? Da na yi fushi na kwana uku, na ce Allah ya sa alheri. Amma ka zauna a teburina kana ci kana rubutawa. Ka bar ni na ajiye aiki."

"Ban san za ki yi saurin miƙawa ba! Ai da kin tambaye ni."

Ta dube shi da kyau. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga duk da sanyin ɗakin. Ta ga da gaske yake, har ya soma yarda cewa laifin rabi nata ne.

"Nan da shekara ɗaya aiki zai yi yawa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Zan sa ya ɗauke ki. Na rantse da kabarin Kaka."

"Ka bar Kaka ta huta."

Daga nan gidan mahaifiyarta ta nufa, don tana son wanda za ta faɗa wa ya ce kai, bai kyauta ba. Ta tarar da tsohuwar a kicin tana naɗe shinkafa da nama cikin ganyen inabi. Irini ta ba ta labari tun daga shagon Mista Lay. Hannun uwar bai tsaya ba, idonta kuma bai ɗago ba.

"Mama. Kin sani?"

"Baffanki Skevos ya ce a bari sai an sa hannu, kada magana ta ɓata abu."

"Wa da wa suka sani?"

"Ke kina da aikin gwamnati, 'yata. Ba miji, ba ɗa, gidanki naki. Shi fa? Kullum ke ce mai kai, za ki samo wata dabarar."

"Na ajiye aikin, Mama."

A nan ne ganyen ya faɗi daga hannun tsohuwar. Ta sunkuya ta ɗauke shi. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "To, me ya sa ba ki yi shawara da kowa ba?"

Washegari ta je wurin shugabanta ta tambaya ko za a iya janye takardar. Ya ba ta haƙuri da gaske. An riga an ba wata daga Alice Springs gurbin, har ta kama gida.

Kwana huɗu jerin kayan na shagon Mista Lay. Ranar Litinin ya kira ta ya ce, a soke ne? Ta ce tana zuwa. Ta zauna a kan doguwar kujerar shagon, ta karɓi bironsa, ta bi takardar daga sama. Ta rage memorin zuwa rabi. Ta sauya katin hoto da ƙaninsa. Da ta zo kan sauran sai ta rasa abin da za ta taɓa, domin duk inda ta duba zaɓen daidai yake, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Zan haɗa miki kyauta," in ji dattijon.

"Na gode, Mista Lay. Da hannuna zan haɗa."

Ta haɗa ta a ranar Lahadi, ita kaɗai, gumi na ɗiga daga haɓarta tana gogewa kada ya sauka a kan allon. Ta kunna, ta tashi a bugu ɗaya. Babu wanda za ta kira ta gaya wa.

Gonakin kusa duk sun tafi wurin Doolan, sai ta juya kudu. Ta koyi tuƙin jirgin da kanta, ta karya fiffike biyu kafin ta iya. A garin Katherine ta samu wata mai gonar kankana da ta yarda ta gwada ta, daga ita aka samu biyu, daga biyu aka samu biyar. Bai kai albashinta na da ba, amma ya riƙe ta. Kamfanin su Manoli kuwa ya bunƙasa. Sun sayi jirage uku, har jarida ta buga hotonsa yana tsaye a gaban kwamfutar, an rubuta a ƙasa cewa shi ya tsara ta.

Da bikin Ista ya zo, uwarta ta yi ta kira har Irini ta gaji da ƙin ɗauka, ta je gidan Baffa Skevos. An gasa rago a tsakar gida, dangi sun cika dogon tebur. Bayan an ci aka kawo kwandon dafaffen ƙwai mai jan rini, kowa ya ɗauki ɗaya don a gwabza, a ga na wa zai fashe. Manoli ya zagayo tun daga can ƙarshen teburin ya tsaya a gabanta, ya miƙo nasa. Kowa ya zuba musu ido. Uwarta ta dafe ƙirji.

"Rini," ya ce.

Ta buga. Nasa ya fashe. Teburin ya kaure da shewa da tafi, Baffa Skevos ya ɗaga kofi yana cewa shi ke nan, an gama, jini ɗaya ne. Manoli ya yi dariyar nan tasa, idonsa har da ƙwalla, ya buɗe hannuwa zai rungume ta.

Irini ta ajiye ƙwan a gefen farantinsa. Ta sumbaci uwarta a goshi, ta ce gobe da sassafe tana da gona a Katherine, tafiyar awa uku ce, kuma ba ta sha mai ba.